Furotin NCAM1 na masu bincike: daga ƙwaƙwalwar mutum ake ciro shi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibin kimiyya ne. Na ga kamfanoni suna sayar da furotin NCAM1 na ɗan Adam, an rubuta cewa na bincike ne kawai. Daga ƙwaƙwalwar mutum ake ciro shi? Kuma tunda aikinsa haɗa ƙwayoyin jijiya ne, ba zai taimaki mahaifina mai shanyewar ɓarin jiki ba?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya ba Baba lafiya.

Ba a taɓa ƙwaƙwalwar kowa. Ƙwayar gadon da ke ɗauke da umarnin ƙera NCAM1, wadda ke kan kiromosom na 11, ita ake kwafa a dasa cikin wasu ƙwayoyin halitta da ake kiwo a ɗakin gwaje-gwaje. Su ke ƙera furotin ɗin, sai a tace shi, a busar, a zuba 'yan maikirogiram a ƙaramar kwalba. Galibi ɓangaren da ke leƙowa wajen ƙwaya kaɗai ake yi. Sai dai ka sani, ɗaya daga cikin ƙwayoyin da ake kiwon, HEK293, asalinta ƙodar ɗan tayin mutum ce, tun 1973 a ƙasar Holan.

Shi NCAM, wato NCAM1 ɗin, Gerald Edelman da abokan aikinsa ne suka gano shi a Jami'ar Rockefeller da ke Amurka a shekarun 1970, cikin idon ɗan tayin kaza. Yana zaune a jikin ƙwayar jijiya ta waje, ya kama ɗan'uwansa da ke kan maƙwabciyarta. Abin da ya fi burge ni shi ne wata doguwar sarƙar sukari mai suna PSA da ke rataye a jikinsa. Lokacin da ƙwaƙwalwa ke ginuwa sukarin yana da yawa, sai riƙon ya yi sako-sako, ƙwayoyi su samu damar tafiya inda za su zauna. Idan aka girma ya ragu, riƙon ya yi ƙarfi.

Shi ya sa nake gaya wa ɗalibai su duba inda aka ƙera furotin kafin su duba farashi. Wanda aka yi cikin bakteriyar E. coli ya fi araha, amma ba ya ɗauke da sukari ko kaɗan. Zai iya wadatar da mai son haɗa sinadarin da ake gano furotin ɗin da shi a gwaji. Mai nazarin yadda jijiya ke tsiro kuwa yana iya samun sakamakon da zai ɓatar da shi. Masu binciken sankara ma suna sayensa, da sunan CD56, haka masu nazarin ciwon haukan kare, domin ƙwayar cutar tana kama shi wajen shiga jijiya.

Batun Baba kuwa, don Allah kada a gwada. Ba a tace shi da ƙa'idar maganin mutane ba, babu hukumar da ta amince da shi a matsayin magani, kuma girmansa bai barinsa ya tsallake shingen da ke tsakanin jini da ƙwaƙwalwa. Allurarsa na iya tayar da zazzaɓi ko rikicin garkuwar jiki. Ku dage da gashi a asibiti, ku kula da hawan jini da ciwon suga idan yana da su, kuma kada ya daina maganin da likitansa ya rubuta.