Tambaya da amsa: Za mu ɗanɗana root beer a rufe, ya za mu tsara abin?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni ɗalibi ne a Ohio, mu huɗu ne a gida ɗaya duk 'yan Arewa, musu ya kaure tsakaninmu a kan root beer, wannan ya rantse A&W ya fi, wancan ya ce Barq's, ni kuwa wallahi duk ɗanɗanon man zafi nake ji. Mun yi za mu sayo kala biyar mu sha ba tare da ganin gwangwani ba. Ya ake yi? Sannan tunda ga "beer" a sunan, anya ba giya ba ce?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Bari in fara cire maka wannan ƙayar ta giya. Root beer ɗin da kake gani a layin lemo, irin su A&W, Barq's, Mug, IBC da Dad's, lemo ne kawai, ruwa da sukari da gas da kayan ƙamshi. Wani mai haɗa magani a Filadelfiya, Charles Hires, shi ya fito da shi kasuwa sosai a babban baje kolin 1876, kuma shi kansa ba mashayi ba ne. Amma fa ka kula, akwai wanda ake rubuta wa "hard" a jiki, wannan giya ce tsagwaronta, misali Not Your Father's Root Beer, don haka duk wanda za ku aika kanti ya karanta jikin kwalba, kar ya ɗauko don ya ga hoton ya yi kyau.

Maganar man zafi kuma hancinka bai yi ƙarya ba. Asali da saiwar wata bishiya sassafras ake yinsa, a 1960 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta hana amfani da man sassafras ɗin saboda sinadarin safrole da aka ga yana jawo kansar hanta a jikin ɓeraye, sai kamfanoni suka koma haɗa ƙamshin da wasu abubuwa, cikinsu har da na wani tsiro da ake kira wintergreen. To sinadarin da ke ba wintergreen ƙamshinsa, methyl salicylate, shi ne dai a cikin man zafin nan Deep Heat. Yaron Amurka ya taso yana jin wannan ƙamshin a alawa da cingam, kai kuma ka taso kana jinsa ranar da ka yi targaɗe a filin ƙwallo, ka ga ai dole ku saɓa.

Toh, tsarin. Kafin ku fara "wanne ya fi daɗi", ku fara gwada ko ma masu musun nan suna iya bambancewa, don a nan ake jin kunya. Mu a wajen aiki gwajin kofi uku muke yi: kofi biyu lemo iri ɗaya, na ukun daban, a ce wa mutum nuna bare a ciki. Ko da ka ya buga yana da damar ci ɗaya cikin uku, shi ya sa sau ɗaya ba ya isa, a maimaita masa sau huɗu ko biyar ana canza jeri. Wanda ya rantse da A&W in ya kasa tsamo shi daga cikin Mug, sai ya yi shiru a ba wasu fili. A&W da Barq's kam da wuya su rikita mutum, na farkon laushi gare shi da ƙamshin banila, na biyun yana da ɗan cizo a harshe kuma kumfarsa ba ta kai ba. Tsakanin A&W da Mug ne ake zufa.

Mai zubawa kar ya shiga gasar, ya zuba a kicin ya kawo, kuma in so samu ne wanda zai miƙa kofunan shi ma bai san me ke ciki ba, saboda murmushi kaɗai yana tona asiri. Kofuna iri ɗaya waɗanda ba a ganin cikinsu, tunda kumfa tana fallasa su. Kar ku rubuta 1, 2, 3 ko A, B, C, mutane suna son na farko haka kawai, ku sa lamba uku-uku barkatai kamar 482 da 917 a gindin kofi. Duk su kwana a firij ɗaya, ban da ƙanƙara don tana tsinka shi, a buɗe su lokaci guda kar wani ya sace gas, kuma kar a haɗa na gwangwani da na robar lita biyu da aka buɗe jiya. Tsakanin kofi da kofi a kurɓi ruwa. Kowa ya rubuta makinsa a takarda shiru, in ɗaya ya ce "kai wannan magani ne" shikenan ya ɓata wa sauran baki.

Abin da ya fi cin mutane shi ne kurɓi ɗaya. A kurɓin farko wanda ya fi zaƙi shi ke ci kusan kullum. Pepsi ta hau kan wannan da gasarta ta ɗanɗano a rufe tun 1975, har Coca-Cola ta canza haɗinta a 1985 zuwa mai zaƙi bayan nata gwaje-gwajen sun nuna an fi sonsa, jama'a suka yi ca, cikin ƙasa da wata uku ta dawo da tsohon. Abin da ya burge ka a kurɓi ɗaya yana iya gundurarka a rabin gwangwani. Don haka biyun da suka zo sama ku sake zama da su washegari, kowa ya sha rabin kofi a natse, sannan a yanke hukunci.

Kala biyar ya isa, kar ku ƙara, harshe yana gajiya, ga shi kowane gwangwani na mililita 355 yana ɗauke da sukari sama da giram 40, wato wajen ƙaramin cokali 10, in akwai mai ciwon suga a cikinku ya zama shi ne mai zubawa. Ni da za ku ji tawa, ku sa ɗaya mai sukarin rake ko mai zuma irin Sprecher na Wisconsin a ciki, tunda manyan galibi da sikarin masara ake yinsu, sannan ku sa mai arhar nan na kanti wanda ba shi da suna, shi ke yawan ba da mamaki. Barq's yana da sinadarin kafeyin mai hana barci, sauran galibi babu, in da dare za ku yi mai wahalar barci ya sani.

Wanda ya faɗi gwajin kofi uku shi zai sayo ayis kirim na banila, ku jefa cokali biyu a ragowar yadda 'yan ƙasar ke yi, kai ma mai jin man zafi ka gwada shi a haka, madarar tana danne ƙamshin sosai.