Ku Tambayi Kawu: Gogen Turawa ya ƙi zanuwa

TAMBAYA: Assalamu alaikum Kawu, ina wuni, ya aiki. Ni ɗaliba ce 'yar SS2 a nan Argungu, malaminmu na zane ya ba mu aikin hutu wai kowa ya zano kayan kiɗa guda da fensir, ni kuma na zaɓi bayolin, gogen Turawan nan, don na gan shi a waya ya burge ni. Toh wallahi Kawu abin ya ƙi, kullum sai gefe guda ya fi guda kumburi, wuyan kuma ya karkace, ina ta sharewa har takarda ta huje. Mi nika yi ba daidai ba? Ko sai na sai fensir mai tsada? Ɗiyarka daga Argungu.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗiyata, Allah ya yi miki albarka. Ki bar kuɗinki a aljihu, fensir ɗinki ba shi da laifi. Ko ban ga takardar ba na san daga gefe kike farawa, ki ɗora fensir a sama ki zagayo da shi har ki dawo inda kika taso, kuma duk wanda ya yi haka da bayolin sai ya karkace masa ko da ya shekara yana zane, saboda abu ne da dama da hagunsa suke daidai wa daida, ido kuma ba ya yafe ko ɗan bambanci a irin wannan.

Su kansu masu ƙera shi ba da ka suke yi ba. Wannan siffar da kika gani ta zauna ne tun ƙarni na 16 a garin Cremona na ƙasar Italiya, a hannun su Andrea Amati, daga baya Antonio Stradivari wanda ya rasu a 1737 ya ƙara gyara ta, kuma da awo da ƙwarangwal na katako suke fitar da jikin. Toh in maƙerin ya auna, ke mai zane me zai hana ki auna?

Ki ɗauko rula da fensir HB, ki ja layi ɗaya a tsaye a tsakiyar takarda, a hankali yadda zai sharu daga baya. Komai a kan layin nan zai hau. Bayolin na manya tsawonsa kusan santimita 60 ne, jikin kaɗai wajen 35 da rabi, sauran wuya ne da kai. Takardar A4 ba za ta ɗauki wannan ba, sai ki raba komai uku: tsawo duka 20, jiki 12. Faɗin ƙasa ki ba shi 7, na sama 5 da rabi, ƙugun kuma ƙasa da 4 kaɗan, a tsuke yake kamar na kalangu, sai dai shi yana da 'yan kusurwoyi huɗu masu tsini, biyu a sama biyu a ƙasa, kuma su ne yawanci ake mantawa sai zanen ya koma jita. Kowane faɗi ki raba shi biyu ki sa ɗigo a dama da hagu, nisa ɗaya daga layin, sannan ki haɗa ɗigon da gajerun layuka, kina yin dama kaɗan ki koma hagu kaɗan, kar ki gama gefe guda kafin ki taɓa ɗayan. In har yanzu kina shakka ki ɗaga takardar gaban madubi, duk inda ya kumbura nan take zai tona kansa.

Sai jiki ya zauna sannan ki shiga ƙananan abubuwa, na san su ne suka ja ki tun farko amma ki yi haƙuri da su. Ramukan nan biyu masu siffar harafin f suna fuskantar juna, jakin da ke ɗauke da tsirkiya yana tsaye daidai tsakiyarsu. Baƙin katakon da yatsu ke dannawa siriri ne a sama, yana faɗaɗa yana saukowa har ya shigo kan jiki. Tsirkiya 4, maɗaura 4, biyu kowane gefe kuma ba a jere suke ba. Wurin ɗora haɓa yana ƙasa ta hagu, shi ba shi da ɗan'uwa a dama. In za ki sa bakan da ake goga tsirkiyar da shi a gefe ki tuna ya fi bayolin ɗin tsawo.

Wata shawara kuma da nake so ki ɗauka da gaske, in akwai mai goge ko kukuma a unguwarku ki nemi izinin gida ki je da wani babba ki zana namu. Ƙwarya ce da aka rufe da fatar guza, tsirkiya ɗaya ta gashin doki, ɗan jaki, shikenan, amma abu ne da za ki zagaya ki ga inda haske ya faɗa da inda inuwa ta kwanta, abin da hoton waya ba zai koya miki ba. Ni dai na fi son in ga yaranmu sun iya zana shi ma.

TAMBAYA: Kawu barka da aiki. Ni matsalata inuwa, in na gama sai zanen ya yi dauɗa duk hannuna baƙi. Ɗanka daga Gusau.

AMSA: Yauwa ɗana. Gefen tafinka ne ke jan baƙin, ka sa wata takarda ƙarƙashin hannu, kuma in da dama kake rubutu ka fara daga sama ta hagu ka gangaro. Ka yi shimfiɗar farko da HB, ka ƙara da 2B, ka ajiye 4B ko 6B sai wurin da ya fi duhu kawai, don su masu B ɗin laushi gare su, su suka fi ɓata takarda. Kar ka murza da yatsa, akwai maiƙo a jikinsa, auduga ta fi. Inda katako ke sheƙi kuma ka bar farin takardar yadda yake tun farko, in ka riga ka rufe shi kilina ba zai dawo maka da shi fes ba.