Tambaya da Amsa: An ce ambaliyar 2020 "ta shekara 50" ce, mu maida sito fadama?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Injiniya, Allah ya ƙara basira. Ni malamin gona ne, ina aiki da wata ƙungiyar manoman shinkafa a yankin Suru ta jihar Kebbi. Ambaliyar 2020 ta cinye mana gonaki ta rushe siton da muke ajiye taki da iri. Yanzu mun samu hanyar rance, kuma wani kwansoltan ya yi mana rahoto da HEC-RAS, wata manhajar kwamfuta ta lissafin ambaliya, ya ce waccan ambaliyar irin ta "sau ɗaya a shekara 50" ce, shi ne mambobinmu suka ce to ai mun huta sai jikokinmu, a maida sito inda yake tunda ya fi kusa da gona. Wasu dattawan kuma cewa suke goma-goma take zuwa, 2010 da 2020, saura 2030. Wallahi hankalina ya ƙi kwanciya, ni zan sa hannu a takardar, in ruwa ya ci kuɗin mutane ban san da wane ido zan kalle su ba.

AMSA: Wa'alaikumus salam malam. Kar ka sa hannun nan tukuna. Wannan rashin kwanciyar hankalin naka ya fi rahoton da ke hannunka gaskiya, kuma na ji daɗi da ka tambaya kafin a kai bulo wurin, don galibi sai bayan ruwa ya shiga ake nemanmu.

Wannan magana ta "shekara 50" ta ishe ni, kusan kullum sai na yi ta da wani, har da masu digiri. Gulbi ba shi da kalanda malam. In aka ce ambaliyar shekara 50, abin da lissafin yake nufi kawai shi ne a kowace damina akwai yiwuwar kashi 2 cikin 100 ruwa ya kai wannan tsayin ko ya wuce. Kowace damina fa, har da wadda ta biyo bayan ambaliyar. Ruwan da ya zo 2020 bai rage komai daga rabon 2021 ba, kamar yadda matar da ta haifi tagwaye ba a ba ta takardar cewa ba za ta sake ba. To ɗauki abin lissafinka ka buga: siton da kuke son ginawa ai kuna sa ran ya yi shekara 30 ko? A shekara 30 yiwuwar irin wannan ruwan ya same shi aƙalla sau ɗaya ta kai kashi 45 cikin 100, kusan rabi ke nan. A shekara 20, kashi 33. Ko da ce muku aka yi ta shekara 100 ce, a shekara 30 kashi 26 ne, wato ɗaya cikin huɗu. Ka tambayi mambobin naku, in direba ya ce musu kusan rabin motocin da ke bin wata gada sai sun faɗa, wa zai loda buhunan takinsa ya hau?

Kuma wannan duk in lambar 50 ɗin gaskiya ce, ni kuwa ban yarda da ita ba sai na ga inda aka samo ta. Kafin mutum ya buɗe baki ya ce shekara 50 sai yana da awon gulbin na shekaru masu yawa a jere, tsayin ruwa da yawan da ke wucewa a daƙiƙa, a tashar da ke kusa da ku. Mu da muke wannan aiki mun san halin da awonmu yake ciki. Na taɓa zuwa wata tasha na tarar da sandar awon ruwa ya tafi da rabinta, na buɗe littafin mai karantawa sai ga lamba ɗaya sak kwana goma sha a jere, a tsakiyar Agusta, lokacin da gulbi ke hawa da sauka kamar numfashi. Bawan Allah ya yi watanni ba a biya shi ɗan alawus ɗinsa ba, ya koma cike littafi daga gida. Ban ga laifinsa sosai ba. Amma irin wannan littafin ne wani zai kwafa ya zuba a kwamfuta ta fito masa da taswira mai shuɗi da ja, a buga a takarda mai sheƙi, a karɓi kuɗi. HEC-RAS da HEC-HMS da SWAT duk manhajoji ne masu kyau, kyauta ma ake sauke su, shi ya sa kowa ya zama gwani, sai dai abin da ka ba su shi za su dafa maka, in tsakuwa ka zuba tsakuwa za ka kwashe.

Sannan ita kanta ƙasar ta canza, wannan shi ne abin da masu goma-goma ba sa sawa a lissafi. Milimita 1 na ruwan sama a hekta ɗaya lita 10,000 ne, ruwan milimita 50 na dare ɗaya ke nan lita 500,000 a kowace hekta. Tambayar ita ce nawa ƙasa za ta sha nawa zai gangara. Jigawa mai ciyawa da itatuwa a farkon damina shanye yawanci take yi, amma fako da aka sare aka kiwace ya yi tauri kamar daɓe, ko ƙasar da ta riga ta ƙoshi a ƙarshen Agusta, kusan duk abin da ya sauka kwarara yake ya nufi kwari. Masu bincike sun daɗe da lura da wannan a yankin Sahel, bayan farin shekarun 1970 da 1980 ruwan sama ya ragu amma ruwan da ke shiga wasu gulaben ƙaruwa ya yi, saboda ƙasar ta daina sha. Ga yashi da ke cike cikin gulbi yana rage masa zurfi. To ruwan da a zamanin kakanninmu sai an daɗe ake ganin irinsa, yau ba ya buƙatar wannan daɗewar. Lissafin da aka yi da awon da can, an yi shi ne wa wani gulbi da babu shi yanzu.

Su kuma dattawanmu, Allah ya ƙara musu lafiya, sun ga 2010 sun ga 2020 sun haɗa. Shekara biyu ba sa zama ƙa'ida. Ina za a kai 2012 da 2022 da ruwa ya yi ɓarna a jihohi da yawa na ƙasar nan? Kuma sanadin ma ba ɗaya ba ne. A Satumban 2010 ruwa ya yi wa dam ɗin Goronyo yawa, aka saki, ya bi gulbin Rima ya sauko ta Sakkwato da Argungu. A 2020 kuwa Kwara, wato kogin Neja, ita da kanta ta cika, a Yamai awo ya kai wajen mita 7 a farkon Satumba, abin da ba su taɓa rubuta irinsa ba. Ku a Suru tsakiyar waɗannan biyun kuke. Daga sama Rima na kawo muku ruwan Katsina da Maraɗi, da gulbin Sakkwato da ya taso daga wajen Funtuwa ya ratsa Gusau ya bi ta dam ɗin Bakolori, ga gulbin Zamfara ya shigo. Daga ƙasa kuma in Kwara ta cika sai ta tokare bakin Rima, ruwa ya rasa inda zai zuba ya dawo baya ya bazu a fadama. Shi ya sa za ka ga rana tas a garinku kwana huɗu ba ɗigo, ruwa na hawa cikin dare. In model ɗin kwansoltan ɗinku, wato lissafin da ya yi a kwamfuta, bai sa tsayin Kwara a bakin mahaɗa ba, rabin labarin kawai ya ba ku.

Af, kuma don Allah a daina tura saƙon nan na WhatsApp cewa Kamaru ta buɗe dam mutanen Kebbi su gudu. Dam ɗin da ake nufi, Lagdo, a kan kogin Binuwai yake, Binuwai kuwa sai a Lokoja take haɗuwa da Kwara, ɗaruruwan kilomita ƙasa da mu. Ruwa ba ya hawa tudu. Haɗarin wannan jita-jitar shi ne mutane su zuba ido gabas alhali ruwan da zai ci su ta Goronyo ko ta Yamai yake tafe.

Yanzu ga abin da za ka yi. Ka koma wurin kwansoltan ka tambaye shi, awon wace tasha ya yi amfani da shi, na shekara nawa, shekaru nawa ne babu awo a ciki. Ka ce ya nuna maka inda ya gwada model ɗin da ambaliyar da ta riga ta faru, wato ya sa ruwan 2020 ya gani ko kwamfuta za ta kai ruwa inda ya kai a zahiri. Sannan ka tambaye shi taswirar tudu da kwarin da ya ɗora aikin a kai, in ta tauraron ɗan'adam ce ta kyauta wadda kowane ɗigonta ke wakiltar fili mai faɗin mita 30, kuskurenta a tsayi yakan kai mitoci, a fadamar da rabin mita ke raba busasshen sito da wanda taki ya narke a ciki. In ya fara kame-kame ko ya ce ai abin na masana ne ba za ka gane ba, ka san amsarka.

Kuma kana da awon da ya fi nasa, kyauta. Ka ɗauki dattawan nan da masunta da Sarkin Ruwan yankinku ku zaga, su nuna maka inda ruwan 2020 ya tsaya. Yana nan a jikin bangon masallaci da firamare, wani layi mai duhu da laka ta bari, yana nan a gindin giginya. Wani tsoho ya taɓa kama hannuna ya ɗora a wani tabo jikin kuka ya ce nan ya ɗaure kwalekwalensa, da muka auna sai ga shi ya fi abin da kwamfutata ta ba ni, ni na koma na gyara lissafina. Ku shafa fenti a wuraren, ku rubuta shekara, ku ja tiyon ruwa irin na magina ku kai wannan tsayin har filin da kuke son ginin. Daɓen sito ya ɗara wannan layin da aƙalla mita ɗaya, in filin ba zai ba da haka ba a kai shi tudu, a sha wahalar amalanke. Kuɗin dakon shekara goma bai kai asarar taki na dare ɗaya ba.

Gonar kam ba za a ɗauke ta daga fadama ba, albarkarta ma daga wannan ruwan take. Sai dai a yi dabara: a yi shuka da wuri da iri mai saurin nuna, wuraren da suka fi kwari a gwada irin shinkafa FARO 66 ko FARO 67 da aka fitar a 2017 masu jure nutsewa na kamar mako biyu, kaso mai kyau na rancen a ajiye shi wa noman rani, a kuma yi maganar inshora da NAIC, hukumar inshorar noma ta ƙasa, tun kafin shuka. Hasashen ambaliya da NIHSA, hukumar awon ruwan gulabe ta ƙasa, ke fitarwa duk shekara da na damina na NiMet, hukumar hasashen yanayi, ka neme su ka karanta wa mambobi da Hausa, kar ka jira takarda ta biyo ofis-ofis, sau da yawa kafin ta iso ƙauye ruwa ya riga ta. Daga Agusta zuwa ƙarshen Satumba kuma ka riƙa bin labarin awon Yamai da na Jidere Bode, inda ake auna Kwara bayan ta shigo Najeriya, ka samu wani amintacce a Argungu da zai kira ka in Rima ta fara hawa.

Na san wani zai tashi a taron ya ce ai komai ƙaddara ce. Haka ne, mun yi imani. Amma kuɗin nan amana ce a wuyanka, a cikinsu akwai na gwauruwar da ta sayar da akuyarta ta biya kuɗin ƙungiya, kuma ranar da ruwa ya shiga ba kwansoltan za ta nema ba, ƙofar gidanka za ta zo. Ka tsaya a gabansu ka faɗa musu kashi 45 ɗin nan da bakinka, in sun ga dama su ji haushinka na wata ɗaya. Ka turo min shafin rahoton da ya yi maganar tashar awo da hoton alamar ruwan a bango, in sha Allahu zan duba maka kafin ranar taronku.