Amsa kan hakin mintunan farko na gudu

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ƙanena, na saurari saƙonka. Ka ce da zarar ka fara gudu sai haki ya turnuƙe ka, can bayan 'yan mintuna kuma numfashi ya daidaita, kana tambaya ko ciwo ne. To, in dai babu ciwon ƙirji ko jiri, ka kwantar da hankalinka. In akwai su kuwa, ka ga likita, kar ka tsaya saurarena.

Ka ga, kana zaune haka, jikinka na shan iskar oksijin kusan mililita 250 a minti ɗaya. Kana ɗaga ƙafa buƙata ta ninka nan take, amma iskar ba ta isowa nan take. Sai zuciya ta ƙara bugu, sai jijiyoyi sun buɗe, ita kanta tsokar sai ta farka. Abin na cin minti 2 zuwa 3. A tsakanin nan bashi tsoka take ci, shi ne nauyin da kake ji a cinya.

Ɗumama jiki wannan bashin yake ragewa. In tsoka ta yi zafi, jini ya fi saurin sakar mata iskar da ya ɗauko, kuma hanyoyin sun riga sun buɗe.

Amma ga abin da ke damuna, wallahi kullum ina gani. Mutum ya yi miƙa sau biyu, ya kaɗa hannu, ya ce ya ɗumama. A'a! A shekarar 1996 wani masanin kimiyyar motsa jiki mai suna Whipp da abokan aikinsa sun gwada mutane a kan keken motsa jiki, suka ga ɗumi mai sauƙi bai sauya saurin shan iska a aiki mai nauyi ba, ɗumi mai ƙarfi ne ya sauya.

Don haka ka yi sassarfa kamar minti 10 har zufa ta fara tsattsafo maka a goshi. Sannan ka ɗan matsa, gudu gajere sau uku ko huɗu, wanda zai sa magana ta yi maka wuya. Daga nan ka huta 'yan mintuna kana tattaki, kar ka zauna jiki ya huce, kuma kar ka ƙarar da ƙarfinka tun ba a fara ba.

Ka gwada haka sati ɗaya, ka lura da minti ukun farko, sai ka turo mana yadda ka ji.