Katun na matsafa da aljanu: hukuncin kallonsa da tura shi a waya

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ina da ɗan shago a wajen Terminus a nan Jos, ina cajin waya, ina kuma tura wa mutane fina-finai a memori da fulash. Abin da samari da yara suka fi nema yanzu shi ne katun na faɗa da aljanu, irin wanda aka ɗauko daga littattafan labarin zane na Amurka da Japan. Kawuna ya ce duk katun haramun ne tunda zanen mai rai ne, har kuɗin da nake samu. Abokina kuma ya ce tatsuniya ce kawai irin ta Gizo da Ƙoƙi. Abin da ya tayar min da hankali, rannan na tarar da ƙanena ɗan shekara 9 ya zana da'ira da gawayi a tsakar gida, yana wasu surutai wai yana kiran aljani ya zo ya taimake shi. Mene ne hukuncin kallon, kuma yaya matsayin sana'ata?

Amsa: Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Ɗana, Allah ya yi maka albarka da ka tsaya tambaya a kan abin da kake ci.

Malamai suna cewa hukunci a kan abu reshe ne na sanin abin. Don haka ban amsa maka nan take ba, sai da na sa wani ɗalibina da ya san harkar ya zauna da ni, ya nuna min yanki-yanki na waɗanda aka fi nema. Na fito da fahimtar cewa kawunka da abokinka kowa ya riƙe wani gefe na gaskiya, amma abin da ya fi haɗari yana can inda ba su duba ba.

Maganar kawunka tana da tushe. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Ibn Mas'ud cewa waɗanda suka fi shan azaba ranar alƙiyama su ne masu suranta abubuwa, kuma Imam Nawawi a sharhin Muslim ya tafi a kan cewa hanin ya haɗa mai inuwa da marar inuwa. Sai dai mazhabar da muka tashi a cikinta, wato Malikiyya, ta rarrabe. Dardir, a sharhinsa na Mukhtasar Khalil, ya bayyana cewa abin da ya haramta shi ne surar mai rai wadda take da jiki mai inuwa kuma gaɓoɓinta suka cika, wato mutum-mutumi. Zanen da ke shimfiɗe a takarda ko bango bai wuce karhanci ba. Ga kuma hadisin Abu Dawud: Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya dawo daga yaƙi ya ga 'yan tsanar Nana A'isha, a cikinsu akwai doki mai fukafukai biyu na tsumma. Da ya tambaye ta, ta ce masa ai Annabi Sulaiman yana da dawakai masu fukafukai, ya yi dariya har haƙoransa na ciki suka bayyana. Doki mai fukafukai ƙirƙira ce ta yaro, kuma bai karya shi ba. Ko a wurin masu tsanantawa, barazanar tana kan mai zanawa, kai kuwa ba kai ka zana ba. Saboda haka kasancewar abu katun kawai bai isa a ce da shi haramun ba.

Abokinka ma bai yi ƙarya ba cewa ƙagaggen labari halal ne idan kowa ya san ƙagagge ne. A zaurukanmu ana karanta Maƙamar Hariri, kuma duk almajiri ya san Abu Zaid ɗin cikinta ƙirƙirarsa aka yi. Kakanninmu sun ba mu labarin Dodo da daddare, ba wanda ya kafirta su. Ambaton sihiri a labari ma ba laifi ba ne a kan kansa, tunda Alƙur'ani ya ba mu labarin matsafan Fir'auna da igiyoyinsu da sandunansu.

To amma ka duba yadda Alƙur'ani ya rufe wannan labari. A suratu Ɗaha aya ta 69 Allah ya ce: “Matsafi ba ya cin nasara duk inda ya je.” Yawancin finafinan da ka ambata an gina su ne a kan kishiyar wannan aya. Ɗauki wanda ake kira Justice League Dark, na kamfanin Warner da DC, wanda ya fito a 2017 kai tsaye don kallon gida. Bala'i ya sauka, jaruman da aka saba da su sun rasa yadda za su yi, sai Batman ya tafi neman John Constantine, matsafin da sana'arsa ita ce ciniki da shaiɗanu. A tawagar akwai Zatanna mai karanta ɗalasimai, akwai Etrigan, shaiɗanin da aka ɗaure a jikin mutum, akwai Deadman, mamacin da yake yawo yana shiga jikin rayayyu. Su ne suka ceci duniya. A finafinanmu na Hausa ma ana nuna boka, har da ƙwarya da jan ƙyalle da dariyar mugunta, amma galibi ƙarshensa da na wanda ya je wurinsa kunya ce. A nan kuwa boka shi ne tauraro. Shi ke da kwarjini da iya magana, shi yaro yake so ya zama. Gizo maƙaryaci ne mai wayo, amma ban taɓa jin yaron da ya gama jin tatsuniyarsa ya tashi yana kiran aljani ba.

Abin da ƙanenka ya yi da gawayi shi ne ainihin abin da suratul Jinni aya ta 6 ta yi magana a kai: wasu maza daga mutane suna neman tsari da wasu maza daga aljanu, sai suka ƙara musu wahala. Masu tafsiri sun ce Balaraben jahiliyya idan dare ya yi masa a wani kwari sai ya ce yana neman tsarin shugaban wannan kwari daga wawayen mutanensa. Musulunci ya zo ya maye gurbin wannan da abin da Muslim ya ruwaito daga Khaulatu bint Hakim, cewa wanda ya sauka a masauki ya ce “A'uzu bi kalimatillahit tammati min sharri ma khalaƙ”, babu abin da zai cuce shi har ya tashi. Tambayar da nake yi wa kowane fim cikin waɗannan ita ce: idan jarumin ya shiga uku, wa yake kira? In dai aljani ne ko hatimin da ya zana a ƙasa, darasin da yaro ya ɗauka ke nan, ko da kalmomin da ake furtawa shirme ne da marubuci ya ƙaga. Mu kuma ba a ƙasar da aka manta da boka muke ba. Yaron da ya saba ganin tsafi yana aiki a allo, in ya girma kasuwa ta tsaya masa ko neman aure ya cije, ba sai ya yi tafiya mai nisa ba kafin ya sami wanda zai ce masa ya kawo baƙin zakara. Sihiri kuwa shi ne na biyu, bayan shirka, a cikin abubuwa bakwai masu halakarwa da Bukhari da Muslim suka ruwaito daga Abu Huraira.

Akwai wata ɓarnar da ta fi wannan ɓoyuwa, wato yadda suke sauya wa yaro hoton gaibu. A wurinsu wuta masarauta ce da shaiɗanu ke mulki, ana shiga a yi yarjejeniya a fito. Hellboy, wanda Mike Mignola ya ƙirƙira aka kuma yi masa katun biyu a 2006 da 2007, ɗan wuta ne da aka kirawo duniya ya zama mai ceton mutane. A aƙidarmu masu tsaron Jahannama mala'iku ne, goma sha tara kamar yadda suratul Muddassir aya ta 30 ta faɗa, an ambaci Maliku da sunansa a suratuz Zukhruf, Iblis kuwa ɗan kurkuku ne a cikinta. Gaskiya ne akwai Musulmi da salihai a cikin aljanu, suratul Jinni ta faɗa, amma wannan daban yake da ɗan wuta mai kirki. Mamaci kuma ba ya dawowa ya shiga jikin wani. Suratul Muminun aya ta 99 da ta 100 ta nuna mai roƙon a mayar da shi duniya, aka ce masa a'a, akwai shamaki a bayansu har ranar tashi. A wasu na Japan za ka tarar da aƙidar cewa rai yana sake dawowa a wani jiki. Babba mai karatu zai ji wannan ya wuce. Ɗan shekara 9 da bai gama Ahalari ba, hoton da ya fara shiga kansa shi ke zama.

Wani abin da iyaye ba su lura da shi ba: mu mun ɗauka katun kayan yara ne, masu yin waɗannan kuwa ba yara suka yi wa ba. Wancan fim na 2017 tambarin R aka ba shi a Amurka, ma'ana ɗan ƙasa da shekara 17 ba ya kallo sai da babba a tare da shi. A kwalin faifai ana buga wannan gargaɗi. Amma da zarar fim ya shiga memori kwali ya tafi, babu mai tsaron ƙofa kamar a silima, babu idon hukumar tace finafinai ta ƙasa da aka kafa tun 1993. Yaro da waya ne cikin bargo, da sanyin Jos, uwa tana jin ƙarar katun ta ce ai wasa yake. A wannan silsila, ɗana, kai ne mutum na ƙarshe da zai iya cewa a'a.

Hukunci ke nan. Fim ɗin da aka gina shi a kan ɗaukaka matsafi, ko neman agajin shaiɗanu, ko suranta Allah da mala'iku da annabawa, ko izgili da su, bai halatta a kalle shi don nishaɗi ba, babba ko yaro. Suratun Nisa'i aya ta 140 ta hana zama inda ake kafirce wa ayoyin Allah ana yi musu izgili, kuma wanda ya danna ya kunna da hannunsa ya fi wanda ya tarar da majalisa alhaki. Haka wanda yake da tsiraici. Sai dai a kiyaye harshe: wanda ya kalla yana ƙin abin a zuciyarsa mai saɓo ne, ba a kafirta shi. Kafirci yana zuwa ne idan ya yarda cewa wani yana da ikon da Allah kaɗai ke da shi, ko ya halatta sihiri, ko ya tashi ya aikata. Ƙanenka kuwa alƙalami bai hau kansa ba tukuna.

Wanda kuma labarinsa jarumi ne da takobi ko ƙarfin damtse yana kare raunana daga dodanni, tsafi yana ɓangaren mugaye kuma ya ƙare a taɓe, babu tsiraici, wannan asalinsa halal ne ga babba, matuƙar bai ci masa lokacin salla ko haƙƙin iyali ba. Yaro ba a ba shi sai wani babba ya riga ya gani, kuma mai yawan sare kai da jini a bar shi har ya girma. Malami ko uba da ya duba don ya san abin da zai yi gargaɗi a kai babu laifi gwargwadon buƙata.

Sana'arka halal ce a asalinta, kuɗin caji da na tura abin da ya halatta tsarkakakku ne. Kashi na farko, wato wanda na ce bai halatta a kalle shi ba, shi ne za ka goge daga kwamfutarka, domin Ahmad da Abu Dawud sun ruwaito daga Ibn Abbas cewa idan Allah ya haramta wa mutane cin abu ya haramta musu kuɗinsa, malamai kuma sun faɗaɗa wannan ga duk abin da amfaninsa haramun ne, ga kuma aya ta 2 a suratul Ma'ida da ta hana taimakekeniya a kan saɓo. Na san hakan na nufin sai ka zauna ka tace ɗaruruwan finafinai, na kuma san wani zai juya ya tafi shagon gaba. Wanda ba ka sani ba kada ka tura wa yaro shi. Abin da ka ci a baya cikin rashin sani, ka yi istigfari, in ka samu hali ka yi sadaka, ba a ce ka ƙirga shi ka fitar ba. Akwai kuma batun haƙƙin mallaka na masu fim ɗin, irin haƙƙin da majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta tabbatar a zamanta na Kuwait a 1988 cewa shari'a tana kare shi. Wannan ya shafi shagon gaba ɗaya, kuma yana son zama na musamman, ka sake turo tambaya a kansa.

Shi kuwa ƙanenka, kada a doke shi, kada kuma a tsorata shi da cewa aljani zai zo, don hakan girmama aljanin ne a idonsa. Ka zaunar da shi ka tambaye shi me yake so aljanin ya yi masa. Sau da yawa za ka tarar akwai wanda yake cin zalinsa a makaranta ko wani abu da yake tsoro da dare. Ka ba shi labarin sandar Annabi Musa da ta haɗiye igiyoyin matsafa har suka faɗi suna sujada, ka koya masa Ayatul Kursiyyu da Falaƙi da Nasi ya riƙa karantawa kafin barci, sannan ka ba shi ruwa da tsintsiya ya wanke da'irar da hannunsa.

Wallahu a'alam.