Cutar ramewar barewa a Amurka: shin mafarauci yana cikin haɗari?

Tambaya: Likita, ina zaune a jihar Wisconsin ta Amurka, kuma nakan bi abokan aikina farautar barewa a watan Nuwamba. Na ji ana cewa wata cuta mai suna CWD ta yaɗu cikin barewar yankin. Tana kama mutum? Zan iya ci gaba da cin naman?

Amsa: Malam, har yanzu ba a tabbatar da mutum ko guda da ya kamu da wannan cuta ba. Duk da haka ba zan ce maka ka saki jiki ba.

An fara ganin cutar a 1967 cikin barewar da ake kiwo a wata cibiyar bincike a jihar Colorado, ta ɓulla a Wisconsin a 2002, yanzu kuma tana jihohi sama da 30, da Kanada, har Norway ta gan ta a 2016. Ba ƙwayar bakteriya ko bairus ce ke kawo ta ba. Wani furotin ne na jikin dabbar, wanda ake kira firiyon, yake karkacewa ya riƙa karkatar da 'yan'uwansa har ƙwaƙwalwa ta lalace. Dabbar ta rame, yawu ya riƙa dalala, ta daina gudun mutane, ƙarshenta mutuwa. Ba magani, ba rigakafi.

Abubuwa biyu ne suka fi damuna. Barewa kan ɗauki cutar fiye da shekara tana kiwonta da ƙibarta, don haka ido ba ya gane ta. Sannan wuta ba ta kashe firiyon: ko tafasawa, ko gashi, ko shanya kilishi, yana nan daram. Yanka ma ba ya tsarkake naman daga gare shi.

Me ya sa muke taka-tsantsan? Cutar haukan shanu ta Ingila danginta ce. An daɗe ana cewa ba ta kama mutum, sai a 1996 aka gano tana kamawa, ta kuma kashe mutane fiye da 170 a Birtaniya. Gwajin CWD a kan birai bai zo da sakamako iri ɗaya ba: wani binciken Kanada ya nuna alamar kamuwa, na Amurka bai ga komai ba.

Saboda haka, duk barewar da ka harbo ka kai kanta gwaji. Hukumar kula da albarkatun ƙasa ta Wisconsin tana yi wa mafarauta kyauta. Ka ajiye naman a firiza har sakamako ya fito, in ya nuna cutar kada kowa ya ci. Sa safar hannu wajen fiɗa, kuma wuƙar kicin kada ta shiga wannan aiki. Na san mu da son farfesun kai, amma ƙwaƙwalwa, ido, saifa da laka su ne inda firiyon ya fi taruwa. Waɗannan ka bar su ko da gwaji ya fito lafiya, domin gwajin kan kasa ganin cutar a farkonta.