Allon Ches Na Katako: Zai Jure Tafiya Daga Legas Zuwa Kano?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na ga allunan ches na katako, aikin hannu, a kasuwar sassaƙa ta Lekki, kuɗinsu ba wasa ba. Ina son in saya in kai gida Kano, amma an ce suna tsagewa. Me zan duba kafin in biya? Mai karatu daga Agege.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Wanda ya gaya maka bai yi ƙarya ba, sai dai laifin na yanayi ne da yadda aka haɗa allon. Katako yana shan danshin Legas ya kumbura, in ya haɗu da hunturun Kano kuma ya tsuke, kuma ta faɗi yake motsawa, ba ta tsawo ba. To idan kafinta ya zagaye allon da baki ya manne shi gam ta kowace kusurwa, tsakiya za ta tsuke, bakin ya ƙi binta. Nan ake samun tsaga.

Saboda haka juya allon ka ga bayansa. Wanda aka shimfiɗa siraran katako masu kyau a kan fulawud ya fi jure sauyin yanayi, duk da masu saye na raina shi. In kuwa zallar katako kake so, tambayi tsawon lokacin da ya bushe, ka tabbatar an shafe sama da ƙasa da mai ko fanis. Wanda aka shafe fuska ɗaya kawai bankarewa yake yi.

Sai haɗin gidajen. Sanduna 8 ake mannawa, 4 masu duhu 4 masu haske, a yanka su a gicciye, a juya ɗaya a bar ɗaya, gida 64 su fito. Bi mahaɗar kusurwoyi da yatsa. Kuskuren milimita ɗaya ma ido na kama shi. Maɗaci da iroko suna da kyau a gidajen duhu. Obeche kuwa, duk da haskensa, farce ma yana lotsa shi.

Ma'aunin FIDE, hukumar wasan ches ta duniya, shi ne faɗin kowane gida santimita 5 zuwa 6, tsayin sarkin wasan kuma wajen santimita 9.5. Tafi da sarkinka ka ɗora, kada gindinsa ya cinye gidan duka. In akwai haruffa a gefe, duba cewa farin gida na kusurwar hannun damanka.

In kun isa Kano, bar shi a nannaɗe kamar mako biyu a ɗaki, nesa da rana da bakin na'urar sanyaya ɗaki, sannan ka buɗe.